Shirin Musamman: Andalus, Daga Wannan Gaɓa Zuwa Waccan

Yau shirin namu zai kai mu bakin mashigin tekun da ya raba Maroko da Sifaniya, wanda faɗinsa a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba.

Ta nan Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara da rundunarsa a shekarar 711. Daga nan Musulmi suka yi kusan shekara 800 suna mulki a sassan ƙasar da suka kira Andalus, suna zaune da Kiristoci da Yahudawa, wani lokaci lafiya lau, wani lokaci da takobi. Sun bunƙasa noman shinkafa da rake da aikin ban ruwa, sun gina babban masallacin Kurɗuba da fadar Alhambra ta Garnaɗa.

Kada mai sauraro ya ɗauka labarin na nesa ne. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu, Alfazazi ne ya tsara ta, mutumin Andalus. Alƙali Iyal, mai littafin Asshifa da ake karantawa da azumi, ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Ibnu Malik mai Alfiyya ma a Andalus aka haife shi.

Garnaɗa ta faɗa hannun Kiristoci a 1492, aka kori Yahudawa a shekarar. Musulmin da suka rage aka tilasta musu shiga Kiristanci, amma hakan bai tsirar da jikokinsu ba. Daga 1609 zuwa 1614, bisa umarnin Sarkin Sifaniya Filib na Uku, aka kori kimanin mutum 300,000, manoma da masaƙa da ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Suka bazu a Rabat da Tetuwan da Aljeriya da Tunisiya, inda suka gina garin Tastur. Har gobe ana kaɗa kiɗan Andalus a Fas da Tilimsan.

Yau kuma akalar ta juya: dubban ɗaruruwan 'yan Maroko ne ke aiki a gonaki da biranen Sifaniya.

A 2015 Sifaniya ta yi dokar bai wa jikokin Yahudawan da aka kora takardar zama 'yan ƙasa. Wannan gyara ne mai kyau. Sai dai jikokin Musulmin da aka kora ba su samu irinsa ba, kuma a ganinmu sun cancanta. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.