A tumbun Tafkin Cadi, sai an ɗaure jirgi ake kafa ɗaki

Magidanci a Matazu idan zai yi gini, rani yake jira. Ya kwaɓa ƙasa, ya buga tubali, ya nemi azara, ya tayar da soron da yake fatan jikokinsa su gada. Ruwan da ya sani irin na Karaduwa ne, mai cika da damina ya janye da rani. Hausawan da neman abinci ya kai tsibiran Tafkin Cadi, waɗanda ake ce wa tumbu a can, sun tarar da lissafin a juye.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin, Shari da Logon ne ke kawo shi daga kudu mai nisa, kuma sai ya yi watanni a hanya. Don haka tafkin yakan tumbatsa ne daga Nuwamba zuwa Janairu, tsakiyar hunturu, babu ko ɗigon yayyafi. Wanda ya ga fili busasshe a watan Yuni ya zuba ginin ƙasa, yana iya farkawa da sanyin asuba ruwa na lasar tabarmarsa. Shi ya sa masunci ke kafa dirka, ya kewaye da zana, ya rufa da ciyawa ko ɗan kwano, ya haƙa wurin banda a gefe. Duk abin da ba zai shiga jirgi ba, bai cancanci a kashe masa kuɗi ba.

Jirgin ne ake yi wa dogon tunani. Ruwan ba shi da zurfi, gindinsa laka ne da yashi, dutse kuwa sai an yi tafiya. Gora ake cakawa a lakar, a ɗaure igiya da ɗan sassauci. Mai hankali yakan zaɓi gefen da tumbu ya tare masa iskar gabas, domin ita ce ke turo kafcecen dunƙulen ciyawa mai yawo a kan ruwa, ya toshe mashiga cikin dare ɗaya. Buduma, 'yan asalin tsibiran, sun daɗe da sanin wannan. Su ne ke ɗaure ciyawar tafki ta zama jirgi, har Thor Heyerdahl ɗan Norwe ya ɗauki gwanayen Cadi suka haɗa masa jirginsa Ra a 1969.

A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi, sababbin tumbu suka ɓullo, mutane suka bi ruwa da kifi har suka ƙetare iyaka ba tare da sun ga alamarta ba. Haka Darak ta zama gari, tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ngala ta Borno, sai a ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ce ƙasar Kamaru ce. A Disamba 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30.

Abin da ya fi wannan muni ya zo a Janairun 2015, lokacin da Boko Haram ta afka wa Baga da Doron Baga. Dubban mutane ta ruwa suka tsere zuwa ɓangaren Cadi, kuma tumbu da dama har yau 'yan bindiga ne ke karɓar harajin kifi a cikinsu.