Ɗan Tayin da Ke Jiran Izinin Mahaifa

Barewar Turai tana barbara a watan Yuli ko Agusta, amma sai Mayu ko Yuni take haihuwa. Cikin nata kwanciya yake yi: ɗan tayin yana zama ɗan ƙulli mai ƙwayoyi kaɗan, yana yawo a mahaifa bai manne ba har ƙarshen Disamba. Bajamushe Bischoff ya bayyana haka tun 1854, yau kuwa an san dabbobi masu shayarwa fiye da 130 da ke yin sa, har da babban jemagen nan mai cin 'ya'yan itace da ke cika bishiyoyin Akara da Kamfala.

A jikin ɓera aka fi gane yadda abin yake. Uwar da ta ɗauki ciki tana shayarwa, tsotson 'ya'yanta yana hana sinadarin estirojin tashi a rana ta 4 da shigar cikin, ranar da mahaifa ke shirin karɓar tayi. Masana kan kwaikwayi wannan: su cire ma'ajiyar ƙwan uwar kafin lokacin, su riƙa yi mata allurar furojestaron. Sai tayin ya tsaya cak.

To, me ke gudana a cikinsa? DNA ne ke riƙe da umarnin gina jiki, RNA kuma shi ne ɗan aiken da ke kwafo umarnin ya kai inda ake haɗa furotin. Don a auna yawan RNA da ake ƙerawa, akan ba tayin sinadarin yuridin mai alamar tururin nukiliya, wanda ake gina RNA da shi, sannan a duba nawa ya shiga. Tayi mai jira kaɗan yake ɗauka. Rabuwar ƙwayoyi ta tsaya, kwafar DNA ta tsaya, amma ƙera RNA raguwa kawai ya yi, kamar garwashin da aka rufe da toka. A ganina nan ne abin mamakin yake, domin ɗan abin da ya rage shi ke riƙe da ransa.

Allurar estirojin guda ta isa ta tashe shi. Cikin sa'o'i ƙera RNA da furotin ke ƙaruwa, daga baya ƙwayoyi su koma rabuwa, kafin kwana biyu ya manne. Ko fito da shi aka yi aka sa a ruwan rainon tayi, farkawa yake yi da kansa. Ashe mahaifa ce ke riƙe da linzami.

A 2016 masu bincike a San Faransisko sun dakatar da tayin ɓera na makonni a ɗakin gwaji ta hanyar danne furotin mai suna mTOR, kuma da aka mayar da shi mahaifa an haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Mai karatu kada ya haɗa wannan da kwantaccen cikin da ake faɗa a kan mata. Kimiyya ba ta tabbatar da shi ga ɗan Adam ba, don haka macen da cikinta ya daina girma ta hanzarta zuwa asibiti.