Amsoshin Wasiƙunku: Wai Da Gaske Ne Turawa Na Gina Gida Da Citta?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar citta a Kachia ta Jihar Kaduna. Ya ce shekara da shekaru yana loda buhunan citta a mota ana kai su Legas, har ya ji an ce Turawa gida suke ginawa da ita. Shin gaskiya ne, ko kuwa zuƙi-ta-malle ce?

To Malam, gaskiya ne, amma ba gidan kwana ba ne. Ɗan ƙaramin gida ne na biskit mai citta, wanda bai wuce a ɗora shi bisa faranti ba. Lokacin Kirsimeti ake yin sa, a yi ado da shi, daga baya yara su cinye. Al'adar ta yi ƙarfi a Jamus bayan da wasu 'yan'uwa biyu masu suna Grimm suka buga littafin tatsuniyoyi a 1812, wanda a ciki akwai labarin yara biyu da suka ɓata a daji suka tarar da gidan da ake ci. A birnin Bergen na ƙasar Norway kuwa, tun 1991 ake haɗa gari sukutum na irin waɗannan gidaje.

Ga yadda ake yi. A narka bota giram 250 da sukari giram 200 da zuma babban cokali 7. A zuba a cikin fulawa giram 600, wato kusan gwangwanin madara 6 ko 7, tare da garin citta ƙaramin cokali 4 da bakin soda ƙaramin cokali 2. Wasu kan ƙara kirfa da kanumfari. A kwaɓa ya yi tauri, a murza faɗinsa, kaurin ya kai rabin santimita.

Sai a yanka kwali siffar bango 4 da rufi 2, a ɗora kan kwaɓin a bi da wuƙa, a fitar da ƙofa da taga. A gasa minti 12 zuwa 15 a wuta matsakaiciya. Wadda ba ta da abin gashi, tukunya da yashi ta wadatar, kamar yadda ake gasa kek. A daidaita gefuna da wuƙa tun da zafinsa, domin in ya huce karyewa zai yi.

Simintin ginin fa? Farin ƙwai 2 ake bugawa da garin sukari mai laushi kamar giram 500, har ya kama jikinsa. A zuba a leda, a huda ƙarshenta, a riƙa matsawa a gefen bango ana haɗawa, a tokare da gwangwani. A nan ne masu gaggawa ke yin asara. Kowane magini ya san ba a yi wa ɗanyen gini rufi, to haka abin yake a nan. A bar bango ya bushe na wasu awoyi kafin a ɗora rufi, sannan a liƙa alewa da gyaɗa don ado. Da yake ƙwan ɗanye ne, a nemi sabo, kuma mai ciki da ƙananan yara su bar cin wannan farin.

Abokin gabar gidan nan shi ne danshi. Da damina bango kan yi laushi ya rushe, amma da hunturu sai ya yi makonni a tsaye.

Darasi gare mu manoma shi ne, busasshiyar citta ake niƙawa don wannan aiki, kuma masu saye a Turai ba sa karɓar wadda ta yi fumfuna ko ta haɗu da ƙasa. Bayan cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, ba mu da citta ta zubarwa. A shanya ta bisa tabarma ko tamfol, a tabbatar ta bushe ƙarau kafin a ɗura a buhu.

Malam, da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.