UWA, KI KULA! ƘODA IN TA GAZA, ZUCIYA KE SHAN WUYA

Uwargida, ƙoda biyu gare ki, ta wajen baya, ƙasan haƙarƙari. Aikinsu tace jini. Su ke fid da dauɗa da rarar ruwa da gishiri, su fita a fitsari. In sun gaza, duk wannan sai ya zauna cikin jini, jinin kuwa ta zuciya yake bi.

Zuciya tsoka ce. Ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai suka haɗu suka yi ta, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace tana tsukewa ta saki bisa tsari guda, wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Ba su hutu.

To, ga abin da ke samunsu. Ruwan da bai fita ba yana cika jijiyoyi, jini ya hau. Sai ƙwayoyin nan su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu, su yi kauri, su sandare, zuciya ta kasa buɗewa sosai ta karɓi jini. Dauɗar da ta taru kuma tana raunana su. Ga ƙarancin jini, domin ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya yi sabon jini.

Mafi haɗari shi ne wani gishiri da likitoci ke kira potasiyam. Ƙwayar zuciya tana bukatarsa, amma daidai gwargwado. In ya yi yawa sai bugu ya rikice, kamar lugude ya ɓaci wa masu daka. Zuciya tana iya tsayawa farat ɗaya, ba wani gargaɗi. Da yawa cikin masu ciwon ƙoda, ta zuciya ajalinsu ke zuwa.

Zubar jini wajen haihuwa, jijjiga, hawan jini, ciwon suga, gudawa mai tsanani, zazzaɓin cizon sauro: duk suna iya taɓa ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, da yawan shan ƙwayar ciwon jiki ta kemis.

Mai jego, a yi hattara da kunun kanwa. Mun san al'ada ce, amma kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya ya yi yawa ga masu jegon da ke shan ta da yawa.

KI ZO ASIBITI YAU, KADA KI BARI SAI GOBE, in kin ga ɗayan waɗannan a jikinki ko na yaronki:

Fitsari ya ragu, ko ya yi ja, ko yana kumfa.
Fuska ta kumbura da safe, ƙafa da yamma.
Haki, ko kasa kwanciya sai an tada kai da matashi.
Faɗuwar gaba ba dalili.

In kina da ciki, kada ki fasa zuwa awo. Ki ce a gwada miki jini da fitsari kowane zuwa.