Ɗamarar da ke ƙirga numfashi

Duk mai sauraron rediyo a Sabon Birni ko Isa ya san aikin eriya: ka zaro ta, murya ta fito tangaran. Sai dai kowace eriya da zangon da ta fi kamawa, kuma tsawonta ne ke yanke shi. Kamar sarewa take, doguwa muryarta kauri, gajera siririya. In aka ja eriya ta miƙe ko da kaɗan, zangonta sai ya sauka.

Nan masana suka samo dabara. Maimakon sandar ƙarfe, sai su saƙa eriyar da zare mai ruwan azurfa a jikin yadi mai talewa, su maƙala mata ɗan mitsitsin guntu na RFID. Babu batir, babu waya. Wata na'ura ce a gefe ke turo igiyar rediyo, eriyar ta sami ƙarfi daga gare ta, ta mayar da amsa. In an ɗaura yadin a ƙirji kamar ɗamara, ƙirji ya buɗe, yadi ya miƙe, amsa ta sauya. Ƙirji ya koma, ita ma ta koma. A Jami'ar Drexel ta Amurka an saƙa irin wannan ɗamara don bibiyar naƙuda da numfashin jarirai.

Amfaninta gare mu a fili yake. Babbar alamar limoniya ga yaro ita ce saurin numfashi: 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Wanda ya taɓa ganin ma'aikacin lafiya ya ɗaga rigar yaro yana ƙirge, ido ɗaya kan agogo, yaro na tsala kuka, layi ya kai bakin ƙofa, ya san aikin ba wasa ba ne.

Amma kada a yi saurin murna. Yawanci har yanzu gwaji ake yi. Gumi yana rikita zangon, ga shi zafin bazara a nan yakan haura digiri 40. Wanki yana cinye azurfar, na'urar kuma ba ta jin amsa sai daga 'yan mitoci.

Ni dai in za a kawo ta Gobir, a kawo wadda ke nuna sakamako nan take cikin ɗakin shan magani, ba sai da intanet ba. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni, mutanen bakin iyaka suka koma laluben sabis ɗin Nijar.