Daga NITEL zuwa ƙarin kashi 50: Yadda gasa ke tsara kuɗin kiran waya a Nijeriya

A watan Janairun 2025 ne Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, bayan su kamfanonin sun nemi a ninka shi. Matsakaicin kuɗin kiran minti ɗaya ya tashi daga kimanin Naira 11 zuwa Naira 16.50, saƙon tes kuma daga Naira 4 zuwa 6. Tambayar da 'yan kasuwa da ma'aikata da dama suka yi ita ce: tunda manyan kamfanonin huɗu ne, me ya hana ɗaya ya tsaya a tsohon farashi ya kwashe masu amfani da sauran? Amsar tana cikin tarihin harkar.

Zamanin NITEL

Daga kafa shi a 1985 har zuwa 2001, kusan kamfanin gwamnati na NITEL ne kaɗai ke cin kasuwarsa. Layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100. Mai neman layi kan cike takarda ya jira watanni, wani lokaci shekaru. Ɗan kasuwar da ke son jin farashin kaya a Legas sai ya bi layi a ofishin NITEL, ko ya hau mota. Da yake babu abokin hamayya, babu abin da ya tilasta wa kamfanin ya faɗaɗa aiki ko ya sauƙaƙa.

A Janairun 2001, a mulkin Olusegun Obasanjo, NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowanne. MTN da Econet, wanda a yau ake kira Airtel, suka fara aiki a watan Agustan shekarar, aka kuma keɓe wa NITEL nasa lasisin, wanda reshensa M-Tel ya yi aiki da shi. Amma farashi bai sauko nan take ba. Layin waya ya kai Naira dubu 20 a wasu wurare, kira kuma Naira 50 ne a minti. Wanda ya yi maganar minti ɗaya da daƙiƙa biyar, kuɗin minti biyu zai biya, wato Naira 100.

Shigowar Glo

Abin da ya karya wannan tsari shi ne shigowar Globacom na Mike Adenuga a Agustan 2003, da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Kamfanonin da a baya suka ce lokacin hakan bai yi ba, cikin 'yan watanni suka bi sahu. Kuɗin layi ya yi ta faɗuwa har ya koma ɗaruruwan naira. Zuwan Etisalat a 2008, wanda ya koma 9mobile a 2017, ya ƙara zafafa gasar.

NITEL kuwa bai iya jure guguwar ba. Bashi ya yi masa katutu, kayan aikinsa sun tsufa, albashin ma'aikata ya riƙa makalewa. An sayar wa Transcorp kaso mafi rinjaye a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009. Daga ƙarshe rukunin NATCOM ya sayi kadarorinsa a kan kusan Dala miliyan 252, ya fito da sunan ntel a 2016, lokacin da manya suka riga suka raba kasuwar.

Wa ke yanka farashi?

Kamfani ba ya sa farashin da ya ga dama. Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta masa neman amincewar NCC. A 2013 hukumar ta sa iyaka: minti ɗaya kada ya gaza Naira 6.40, kada kuma ya wuce Naira 50. Iyakar sama kariya ce ga mai kira. Ta ƙasa kuwa tana hana babban kamfani karya farashi da gangan har ƙananan su durƙushe, sannan ya tsawwala.

Akwai kuma kuɗin haɗa kira. Idan mai layin Glo ya kira mai MTN, Glo na biyan MTN wani abu a kan kowane minti. Wannan ya sa a da kiran wani layi daban ya fi tsada, mutane suka riƙa yawo da waya biyu ko uku. A 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwar kira, ta umarce shi ya daidaita kuɗin kiran cikin gida da na sauran layuka.

Dalilin da ƙarin ya shafi kowa

Kamfanonin duka ruwa ɗaya ke dukansu. Galibin turakun sadarwa da dizal suke aiki saboda rashin tsayayyar wutar lantarki, kayan aiki kuma da dala ake sayo su, alhali darajar naira ta faɗi warwas tun da aka sake ta a Yunin 2023. Sannan gasar kanta ta yi rauni. MTN na riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar, Airtel kusan kashi ɗaya cikin uku. Glo da 9mobile sun yi asarar masu amfani da su, babu kuma wani sabon kamfani mai ƙarfin da zai yi abin da Glo ya yi a 2003.

Duk da haka mai waya na da ɗan ƙarfi a hannunsa. Tun Afrilun 2013 doka ta ba shi damar komawa wani kamfani da lambarsa, ba tare da ya rasa abokan cinikin da suka san ta ba. Kuma ko a kamfani ɗaya, tsare-tsaren kira sun bambanta: masu yawan garaɓasa sukan fi cin kuɗi a kowace daƙiƙa. Ga wanda rabin cinikinsa a waya yake, duba tsarin da layinsa ke kai na iya rage masa abin da yake kashewa a kati duk wata.