Kada Mu Yi Saurin Dukan Yaro

Mu manoman Bichi da Ɗambatta mukan sayar da gyaɗa ko rago mu saya wa ɗa kwamfutar karatu. In ta riƙa sanƙarewa, sai mu ce shi ya lalata ta. A yi hattara! Akwai umurnin da maƙera suka dasa cikinta, sunansa BIOS. Shi ke tashe ta, ya miƙa wa Windows ko Linux ragama. In yana da kuskure, gini ne bisa ruɓaɓɓen harsashi. A 2013 irin wannan kuskure ya kashe waɗansu kwamfutocin Samsung murus. Mu kai wa mai gyara ya sabunta BIOS, amma sai batir ya cika, gama ɗaukewar wuta tsakiyar aikin kan kashe ta.